Kan Shugaba a Kan Ƙafafun Mai Abinci

Anti,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana. Zan faɗa miki abin da ko Ummata ban taɓa faɗa wa ba. Ni ban san fuskar mutane ba. Ba ciwon ido gare ni ba, in allura ta faɗi a gidanmu ni ake kira. Ɗaga kai ne ba na iyawa. Da zarar mutum ya tsaya a gabana sai wuyana ya sunkuya da kansa, ko ban sa shi ba. Na san fuskar Umma, da ta Yayata, da ta yaran da na fi tsawo. Babana na san shi daga gemu zuwa ƙasa. Sauran jama'a kuwa da ƙafa nake gane su. A gida yabona ake yi, wai yarinya mai kunya, shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin da wata damuwa ba, sai bana da na shiga aji ɗaya na sakandare.

A farkon zangon nan wata mai zane ta zo makarantarmu, tare da wasu samari da 'yan mata da suke koyon zane a wajenta. Malama Mai Fenti muke ce mata. Takalmin roba take sawa wanda ya sha ɗigon fenti, ƙafarta ta hagu kuma ba ta hutawa, kullum tana bubbuga ƙasa. Ta ce ita da abokan aikinta za su yi baje kolin zane-zane a wani babban zaure a cikin gari, kuma tana so a rataye aikin ɗalibai kusa da nasu, ba a can bayan ƙofa ba. Amma ta ce ba kowa zai yi nasa shi kaɗai ba. Aiki ɗaya za mu haɗu mu yi: dogon yadi mai hoton mutanen makaranta a tsaye a jere, malamai da ma'aikata da ɗaliban da suka yarda a zana su.

Sai ta raba mu kashi uku, masu kai, masu jiki, masu ƙafa. Kowane kashi zai zana nasa a ƙyalle dabam, a ƙarshe a haɗa a ɗinke. Ta kuma kafa doka cewa ba a rubuta suna a bayan ƙyalle, wai wanda ya zana abu da zuciyarsa ba zai manta na wane ne ba. Da aka ce masu kai, na ga ƙafafu suna ta tsalle a ƙarƙashin benci. Masu jiki ma an samu. Da aka zo kan ƙafa kuwa ba ƙafar da ta motsa. Ni ma ban ɗaga hannu ba, ina zaune ina kallon ƙasa kamar kullum. Sai na ga takalmin roban nan ya zo ya tsaya a gabana, na ji Malama tana cewa ga wata har ta fara aiki. Haka na zama ni kaɗai ce masu ƙafa.

Anti, ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata kamar aikin nan ba. Masu kai sai sun roƙi mutum ya zauna musu, ni ban roƙi kowa ba, duk ƙafafun suna cikin kaina tuntuni. Na zana na Baba Maigadi da fason dunduniyarsa da wayar da ya ɗaure silifas ɗinsa da ita. Na zana na Malamin Lissafi, waɗanda kowace take kallon wani gefe kamar sun yi faɗa. Na zana na Inna Mai Abinci, 'yan ƙanana masu kyau, da jan farce da zobe a yatsa. Na zana na Shugaban makaranta yadda na taɓa ganinsu a ƙarƙashin teburinsa ranar da aka aike ni karɓo alli. Ya cire takalmi, safarsa ta huje, babban yatsa ya leƙo waje, na kusa da shi ya hau bayansa kamar goyo. Wallahi ba don rashin kunya na yi ba. Haka na gan su, kuma sha'awa suka ba ni.

Ranar haɗawa ce ta zame mini masifa. An riga an haɗa kawuna da jikkuna, aka shimfiɗa su a ƙasa a ɗakin taro, aka ce in bi in ajiye wa kowa ƙafarsa. Ranar na fara ganin fuskokin mutanen makarantarmu, tunda a ƙasa suke. Ko ɗaya ban gane ba. Na duba jiki ko tufafi za su taimake ni, ashe fentin masu jiki ya ƙare tun da wuri, shuɗi kaɗai ya rage, sai suka sa wa kowa doguwar riga shuɗiya iri ɗaya. Kawunan kuma yawancinsu ƙawata ce ta zana, wadda ake kira Rediyo saboda surutu. Ita kuwa fuska ɗaya ta iya, sai dai ta ƙara tabarau ko ta rage kunne. Kowa ya fito da manyan idanu kamar uwa ɗaya ta haife su. Ga shi kuma kowa ya roƙi a ɗan gyara shi. Shugaba mai sanƙo ne, wannan ma daga baya na ji, sai ya ce wa Rediyo ta ɗan taimaka masa da gashi. Ta taimaka masa har kafaɗa.

Na san ya kamata in ce ban sani ba. Na buɗe baki, maganar ta zo maƙogwaro ta koma. Ƙafafu sun kewaye ni, kowa yana jira. Sai na durƙusa na fara rabawa da canke kawai. Da na zo kan mai dogon gashi na ce a raina wannan mace ce mai son kwalliya, na ba ta jan farce.

Da na gama sai ƙafar Malama ta hagu ta daina bugun ƙasa. Ban taɓa ganin ta tsaya ba. Na ce shi ke nan, yau zan sha faɗa. Can sai na ji tana jan hanci. Kuka take yi, Anti. Ta ce tun da ta fara zane ba ta taɓa ganin tunani mai zurfi haka a wajen yaro ba, wai na nuna wa duniya cewa kowane mutum a kan ƙafar wani yake tsaye, babba a kan ta ƙarami, ƙarami a kan ta babba. Masu koyo a wajenta suka hau tafi. Wani mai farin takalmin kambas ya ce shi tun ranar farko ya gane akwai wani abu a kan yarinyar nan. Kafin in haɗiye yawu an naɗe yadin an kai wa tela, ya bi shi da keke.

Yanzu an rataye shi a ɗakin taro kafin a kai shi zauren, makaranta kuma ta rikice. Baba Maigadi ya samu ƙafafun yarinyar da take ciyo mana gasar tsere. Ya ce tun ranar ciwon gwiwarsa ya yi sauƙi, kullum da safe sai ya shiga ya gaishe su kafin ya buɗe ƙofar makaranta. Rediyo ta samu na Malamin Lissafi, tana ta yawo tana cewa ni kaɗai na gane tana da ƙwaƙwalwa. Shi Malamin kuwa na lura in zai shigo ajinmu yana ƙoƙarin miƙe ƙafafunsa su kalli gaba, shekaranjiya saura kaɗan ya faɗi. Ƙaramar ajinmu, 'Yar Firit, ita ta samu masu hujajjiyar safa. Mamarta ta zo ta gani, ta yi salati, ta zauna a ƙasa ta cire wa yarinyar takalmi a gaban kowa don ta tabbatar.

Inna Mai Abinci ce ta tona asirin jan farcen. Ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce ai waɗancan nata ne, me suke yi a ƙarƙashin Shugaba. Tun daga ranar duk lokacin da ya wuce ta wajen tukwanenta sai ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi yaya ƙafafunta suka kwana, ta roƙe shi kada ya shiga da su cikin taɓo. Yara kuma sun sa masa suna. Ba zan rubuta ba, amma kin san daga inda aka samo shi.

A gida ma abin ya biyo ni. Malama ta haɗu da Umma a hanya ta ba ta labarin tunanina mai zurfi. Yanzu in ina zaune ina kallon ƙasa sai Umma ta ce wa ƙannena su yi shiru ina tunani. An daina aike na. Baba ya ji labarai a rediyo ya tambaye ni ra'ayina. Yayata kuwa in za ta wuce ta gabana sai ta ja zane ta rufe ƙafarta, wai kada ta wayi gari ta gan ta a jikin wani ƙato.

Shugaba ya kira ni ofis. Da farko cewa ya yi a warware ɗinkin in mayar wa kowa nasa. Na ce wa takalminsa to. Amma washegari ya shiga ɗakin taro ya daɗe a tsaye gaban hoton 'Yar Firit. Ina wajen ina shara, na ga takalmansa, ɗaya yana taka ɗaya. Ina jin a nan ya gane nasa, ya kuma gane cewa in aka mayar wa kowa nasa, gari guda zai san mai safar. Sai ya sauya magana. Yanzu cewa yake a sa almakashi a yanke ƙafafun gaba ɗaya daga ƙwauri, a kai hoton haka, wai dama ba wanda yake zuwa baje koli don kallon ƙafa.

Malama ta ce ko zare ɗaya ba za a taɓa ba. A ganinta Shugaba bai fahimci tunanina ba ne kawai, don haka ta shirya in tsaya gaban malamai duka in yi bayani da bakina, sannan in maimaita ranar buɗe baje koli, da lasifika. Anti, wane tunani? Na zauna na neme shi ban same shi ba. Na gwada maimaita abin da ta faɗa ina fuskantar bango, muryata ta ƙi fita ko a gaban bangon. Kuma ai ƙarya ce.

In na faɗi gaskiya Malama za ta ji kunya, don ta riga ta gaya wa abokan aikinta duka, har wani ya zo da kyamara ya ɗauki hoton tsakiyar kaina. Rediyo kuma za ta san cewa tun firamare benci ɗaya muke zama amma ban iya fitar da fuskarta a cikin jeri ba. Abin da ya fi ba ni kunya, na ji ana cewa fuska ɗayar da ta iya zanawa tata ce.

In na yi shiru kuma za a yanke. Ban taɓa yin wani abu da mutane suka tsaya suka kalla ba sai wannan. Ni ko sunana malamai ba su riƙe ba, ke ta lungu ake ce mini. Ƙafafun nan ni na san wahalar da na sha a kansu. Fason Baba Maigadi kaɗai sai da na yi ta sakewa har burushi ya fara zubar da gashi. Ba na so a kai mutane zaure suna lilo kamar an shanya wanki.

Don Allah me zan yi? Abu ɗaya dai na riga na yi, ban yi shawara da kowa ba. Almakashi ɗaya ne a makarantar da zai iya cin yadi mai kauri haka, a durowar ɗakin zane yake zama. Jiya da aka tashi na sa shi a jakata. Yanzu yana ƙarƙashin katifata yana tokare mini baya, kuma a nan zai zauna.

Taki,
Mai Kallon Ƙasa

*

'Yata Mai Kallon Ƙasa,

Kafin in kai rabin wasiƙarki na ga na janye ƙafafuna na tura su ƙarƙashin kujera. Wannan ya isa ya nuna miki idonki yana da kaifi, ko a takarda.

Mu fara da almakashi. Gobe ki mayar da shi durowarsa. Kayan makaranta ne, kuma ba shi kaɗai ne almakashi a duniya ba, na tela ya fi shi ci. Amma na gane abin da ɗaukarsa yake nufi. A karon farko kin ce a'a, sai dai da jaka kika faɗa. Ki riƙe wannan a'a ɗin, baki kawai za mu koya wa faɗinta.

Kada ki ɗauki Shugaba mugu. Mutum ne da ya yarda a zana shi don ya faranta wa ɗalibai, ya wayi gari yara suna yi masa dariya a bayan taga. Wanda yake riƙe da makaranta yana buƙatar kwarjininsa. Akwai kuma abin da ya kamata ki koya tun yanzu in za ki ci gaba da zane: ba duk abin da ido ya gani ake ratayewa a bango ba. Ƙafar da mutum ya fito da ita tsakar makaranta dabam, wadda ya ɓoye a ƙarƙashin tebur dabam. Na yarda ba da mugunta kika yi ba, amma safar nan sirrinsa ce. Inda ya kuskure shi ne don ya rufe yatsa ɗaya yana neman ya datse aikin da yarinya ta yi zango guda tana yi.

Malamarki kuwa ita ta ga baiwarki kafin kowa, kuma ta tsaya miki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai bayaninta ya yi mata daɗi har ta manta ta tambayi mai aikin. Maganar da ta faɗa ba shirme ba ce, tana da kyau, amma tata ce. In tana so a ji ta ranar buɗewa, ta faɗa da sunanta. Ke kada ki yarda ki hau lasifika da tunanin aro.

Ita za ki fara gaya wa gaskiya, ku biyu, ba a gaban masu tafi ba. In baki ya ƙi, ki rubuta mata. Kin rubuta mini wannan doguwar wasiƙa ba ki yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Za ta ji kunya na ɗan lokaci, zai wuce. Mai zanen kirki za ta fi son ta ji cewa akwai yarinyar da ta haddace ƙafafun makaranta guda ba tare da kowa ya zauna mata ba. Ni wannan ya fi burge ni a kan kowane tunani mai zurfi.

Daga nan sai Rediyo. Ki gaya mata da kanki kafin ta ji a waje. Na san in kin gaya mata kin gaya wa makaranta, to wannan ma sauƙi ne, ta rage miki aiki. In ta yi fushi ki ba ta haƙuri, sannan ki ce ta rufe ido ta faɗi irin takalmin da ke ƙafarki. Za ki ga kun yi kunnen doki. Ita ta san mutane daga sama, ke kin san su daga ƙasa. Da tun ranar haɗawa kun durƙusa tare, da duk wannan bai faru ba, kuma dama aikin na tare ne.

Abin da za ku kai wa Shugaba, ke da Malama, shi ne a warware ɗinki, ba a yanke ba. A bi mutane ɗaya ɗaya a tambaye su. Wanda yake son aron da aka ba shi, in mai ƙafar ya yarda, a bar masa. Don Allah kada a raba Baba Maigadi da maganin gwiwarsa. Inna Mai Abinci a mayar mata da kayanta, ta isa haka. 'Yar Firit a nemo mata nata don hankalin mahaifiyarta ya kwanta. Masu safar nan ki cire su ki adana, kada ki gaya wa kowa na wane ne, har Rediyo, musamman ma Rediyo. Ki zana wa Shugaba sababbi cikin takalminsa mai sheƙi, ki kai masa ya gani shi kaɗai kafin a ɗinka. Ba sai kin ce komai ba, zai gane kin rufa masa asiri, kuma ina kyautata zaton ba zai ƙara ambaton yanka ba. Rediyo kuma ta ɗauki burushi ta yi masa aski.

Saura maganar wuyanki. Kunya abu ne mai kyau, amma wadda ta hana ki sanin fuskar ƙawarki ta wuce inda aka ajiye ta. Ki gaya wa Ummarki abin da kika gaya mini, ta daina hana yara hayaniya. Ban ce gobe ki ɗaga kai ki zuba wa mutane ido ba, za ki tsorata su, ke ma ki tsorata. Ki fara da gwiwa. In kin saba ki hau kafaɗa, daga nan haɓa. In kuma kin kai ga fuska kika ga har yanzu ba ta zama a kanki, ki sa a kai ki wajen likita. Akwai mutane masu irin wannan, ba laifi ba ne.

Ranar baje koli ba sai kin yi jawabi ba. Ki tsaya kusa da aikinki kawai. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce ƙafa kika sani, ita kika zana. Wannan gaskiya ce, kuma gajera ce, za ta iya wuce maƙogwaro.

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa hannunki basira. Ina yi miki fatan mutanen makarantarku su isa zauren nan kowa a tsaye a kan ƙafa, ko tasa ko ta aro.

Antinki